Farin Ɗakin Dumbulwa a Harra

Wanda ya tsaya a kan titin da ya bi ta gabashin Madina a waɗancan shekaru, ya dubi Harra, ba abin da zai gani sai baƙin dutse. Duwatsu ne birjik har inda ido ya ƙare, kamar an ƙone ƙasa an tafi ba a share ba. Amma akwai mutane a ciki. Da dutsen wurin suka gina ɗakunansu, suka rufe da kwano mai tsatsa, suka danne kwanon da wasu duwatsun, har sai mutum ya zo dab da ƙofa kafin ya gane ƙofa ce. Haka suke so. Filin ba nasu ba ne, na wani attajiri ne da ba su taɓa gani ba. Wakilinsa kan wuce ta titin a mota jefi-jefi, ya dubi dutse, ya ga dutse, ya yi gaba.

A ɗakin da ya fi kusa da titi, a kan ɗan tudu, Dumbulwa take zaune.

Ba ta san shekarunta ba. Ta san dai an taso da ita daga wani ƙauye a ƙasar Gumel tana 'yar ƙanƙanuwa, uwarta riƙe da hannunta, ubanta a gaba da jaki, da niyyar Makka. Tafiyar ta cinye ƙuruciyarta gaba ɗaya. Su yi damina a nan, su yi ƙodago, su ƙara gaba. A Abeshe aka binne uban. A gonakin audugar Sudan ta girma, a can aka binne uwar, a can kuma ta auri Badaru, wanda ya tsallako teku da ita. Bayan sun yi hajji suka zauna a Badr, yana hawan dabino a gonakin mutane, har zazzaɓi ya kwantar da shi bai tashi ba. 'Ya'yan da suka haifa babu wanda ya kai yaye. Sai ta ƙulle kayanta ta taho Madina, domin a ganinta dama nan tafiyar ta nufa tun daga Gumel.

Gyaɗa take soyawa cikin rairayi, ta haɗa da alkamar tantabaru, ta kai gindin katangar maƙabartar Baƙi'a ta kasa. Masu ziyara su saya su watsa, tantabaru su sauko kamar ruwan sama. Mutanen gari suna ce mata Hajja Takruniyya, yadda suke kiran duk baƙar macen da ta fito daga yammacin Afirka, ita kuma ta amsa, don ta daɗe da daina jin sunan a matsayin komai. Takardar zama ba ta da ita, ba ta kuma taɓa samu ba. Abin da take so a duniya bai da yawa: ta kwana a ɗakinta ta tashi a ɗakinta, ranar da ta cika kuma a ɗauke ta daga nan zuwa bayan waccan katanga. Daga bakin ƙofarta ana hango koriyar ƙubbar Masallacin Annabi, ƙarama kamar ƙwan tsuntsu. Kowace safiya sai ta yi mata sallama kafin ta hura wuta.

Daga ƙauyensu abu ɗaya ne ya rage mata. Ba ta tuna fuskar uwarta, ba ta tuna sunan rijiyarsu. Amma tana tuna wata jajiberin salla da uwar ta jiƙa farar ƙasa a ƙwarya, ta riƙa shafa wa bangon ɗakinta da tsumma. Tana tuna ƙamshin jiƙaƙƙen bango, da yadda ɗakin ya riƙa yin haske a hankali yayin da yake bushewa, kamar gari na wayewa a cikinsa shi kaɗai. In ta kishingiɗa da rana bayan azahar, wannan ɗakin take shiga. Wani lokaci har takan ji motsin tsumman.

A watan Disamba na 1981 wata doguwar bas mai sanyi ta tsaya a bakin titi. 'Yan mata suka fito, duk da fararen hijabai iri ɗaya da takalma masu ƙyalli. 'Yan wata makarantar kuɗi ce ta Kaduna, 'ya'yan manya, an kawo su umara a hutun ƙarshen shekara, kuma a cikin tsarin tafiyar an ware musu mako guda na aikin taimakon talakawa. A otal aka gaya musu akwai Takari, mutanen ƙasarsu da suka zo suka zauna, a Harra. Suka taho da buhunan shinkafa da madarar gwangwani da barguna. Tun a ɗakin farko, na Dumbulwa, tafiya ta tsaya, saboda duwatsun Harra kaifi gare su, takalman kuma ba na nan ba ne.

Wata doguwar yarinya baƙa, mai sanyin murya, ita ta fara durƙusawa. Innayatu sunanta.

"Sannu, Kaka. Kina jin Hausa?"

"To da me nake zagin tantabaru?" in ji Dumbulwa.

Aka yi dariya. Suka leƙa ɗakin ɗaya bayan ɗaya, suna magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Wata ta ja hijabi ta rufe hanci, ta yi kamar tari take yi. Wata ta tambaya ko Kaka ba ta son komawa gida.

"Ai gida nake, 'yar nan."

"A'a, Najeriya nake nufi."

"Lokacin da muka baro, in ma an raɗa mata wannan suna, mu dai ba a aiko mana ba."

Malamarsu, Malama Ruƙayyatu, ta ja baya ta ƙare wa ɗakin kallo, hannu a haɓa. Mace ce mai kirki a fuska, mai saurin yanke magana.

"Wurin nan ya yi duhu da yawa, Iya. Mutum ba zai zauna cikin baƙi haka ba. Gobe za mu zo mu shafe miki shi da farar ƙasa, ya yi fes."

Dumbulwa ta buɗe baki za ta ce a bari. Sai kalmar ta tsaya mata a kunne. A nan nura ake cewa. Rabon da ta ji wani ya ce farar ƙasa tun uwarta na da rai. Ta ji ƙamshin nan ya taso mata daga inda ba ta sani ba.

"Ko a shafa daga ciki, Malama?" ta ce a hankali.

"Ciki ba ya fita a hoto, Iya. Waje za a yi."

"To. Allah ya yi albarka."

Da bas ta tafi, Idrisa ya fito daga inda ya laɓe. Mutumin Chadi ne, maƙerin gwangwani, shi ya taya ta ɗora kwanon ɗakin shekarun baya. Yaya yake ce mata, ita kuma ta ce masa Ɗan Abeshe.

"Yaya, na ji da kunnena ko zafin rana ne? Fari? A Harra?"

"Ka ji daidai."

"Ki sa tuta mana gaba ɗaya. Ko in ƙera miki ƙararrawa ki rataya, wakili ya ji tun daga kwarin Aƙiƙ?"

"Baƙin Manzo ne, Ɗan Abeshe. A garin nan ka taɓa ganin wanda baƙo ya miƙo masa hannu ya ture?"

Idrisa ya san haka ne. Duk wanda ya zo Madina ziyara baƙon Annabi ne, mazaunin gari kuma mai masauki ne kawai. Ba a ɗaga masa murya, ba a mayar masa da alheri. Talakawan Harra sun fi kowa riƙe wannan, watakila don shi ne abin da ke sa su ji su ma 'yan gari ne.

"Tayyib," ya ce daga baya. "Su shafa. Suna juya baya in zo da toka da baƙin mai in mayar da shi yadda Allah ya yi shi."

Kashegari suka zo da bokitai da buroshi da safar hannu. Direban bas ɗin, wani Balarabe mai furfura, shi ya kwaɓa musu nurar, kuma duk abin da zai faɗa Safiyyatu yake faɗa wa, wata farar yarinya da uwarta mutuniyar Beirut ce, ko da kuwa ba ita ta yi tambayar ba. Aiki ya kankama da ihu da wasa. Rabin nurar a ƙasa ta ƙare, saura a hijabai. Dumbulwa ta zauna a kan turminta a gefe, ta lumshe ido. Ƙamshin ba daidai yake da na farar ƙasar Gumel ba, ya fi shi kaifi, amma ya isa. Ta ji ƙarar buroshi ta koma motsin tsumma. Ta ji jakinsu na kuka a bayan danga.

"Kaka, barci kike yi?"

Innayatu ce ta zauna kusa da ita, ta cire safar hannu. Ta daɗe tana wasa da wani ɗan dutse kafin ta yi magana.

"Jiya mun shiga kasuwar zinariya. Mai shagon ya ce wa Safiyyatu ta shigo ta zauna, har da ba ta shayi. Ni kuma ya kaɗa mini hannu, wai in matsa daga ƙofa, ya ce mini Takruniyya. Na ce masa ni ba Takari ba ce, babana…"

Ta tsaya. Ta dubi tsohuwar, ta sunkuyar da kai.

"Babanki me yake yi?"

"Ɗan kwangila ne."

"To ai bai rubuta miki a goshi ba." Dumbulwa ta miƙa hannunta ta jera da na yarinyar, ta duba su tare. "Kin gani? Tukunya ɗaya. Ungo gyaɗa. In kin koma shagon ki ce Hajja Takruniyya na gaishe shi, ni nake ciyar da tantabarun da ke ɓata masa rumfa."

Yarinyar ta yi dariya, hawaye na taruwa mata a ido.

Kafin la'asar an gama. Amma mai ɗaukar hoton makarantar ya tafi Jidda da shugabansu, sai Alhamis zai dawo.

"Iya, kada ki bari komai ya taɓa bangon nan kafin Alhamis," in ji Malama Ruƙayyatu. "Hoton za a rataye a makaranta, iyaye su ga abin da 'ya'yansu suka yi."

"Kin yi alkawari, Kaka?" Innayatu ta tambaya, tana riƙe da hannunta.

"Na yi."

Ƙurar bas ba ta kwanta ba Idrisa ya iso da bokitinsa, baƙi ƙirin, yana warin gareji. Ya tarar da ita tsaye a gaban bangon.

"Matsa, Yaya."

"Sai Alhamis."

"Alhamis ta wa? Su bayan Alhamis suna cikin jirgi, ke kuma kina ina?"

"Na ba yarinyar baki."

"Yarinyar da ko sunan unguwar nan ba za ta tuna ba in ta sauka Kano?"

"Ko ta manta, ni na faɗa."

Ya ajiye bokitin da ƙarfi har ya fantsalo masa a ƙafa. Ya kawo tsofaffin buhuna ya rataya a gefen da ke kallon titi, iska ta kwashe su kafin magariba. Matan Harra suka riƙa wucewa ba sa gaishe ta. Wata ta ce da ƙarfi, don ta ji, in an ga ɗaya ai an ga duka.

Da safe, a kan hanyarta ta zuwa Baƙi'a da tiren gyaɗa a ka, ta kai bakin titi ta waiwaya. Ba ta taɓa ganin ɗakinta daga nan ba, don ba a ganinsa. Yau ga shi. Bangon ya bushe, rana ta same shi sosai, yana ƙyalli a tsakiyar baƙin dutse kamar wata ya sauko ya zauna a kan tudu. Sai ta ga kamar akwai mace a bakin ƙofar, sunkuye, da ƙwarya a gefenta. Ta san babu kowa. Duk da haka ta tsaya tana kallo, tana jira matar ta ɗago kai ko ta ga fuskarta sau ɗaya. Tantabaru na can suna jira, ita tana nan. Wata doguwar mota baƙa ta zo wucewa, ta rage gudu, wani a kujerar baya ya sauke gilashi ya dubi inda take duba. Sannan motar ta tafi. Dumbulwa ta gyara tirenta. Ta gane abin da ya faru, amma zuciyarta ba ta buga ba. Har yanzu tana can rabi a Gumel.

Ranar Alhamis ta yi wanka, ta ɗauko mayafinta na salla, shuɗi mai bakin zare, wanda Badaru ya saya mata a Badr. Da bas ta dawo da 'yan matan, mai hoto ya dube ta ya yi magana da Malama a kunne.

"Iya, ko za ki sa wancan na rannan?" in ji Malama Ruƙayyatu. "Wannan ya yi kyau da yawa. Ba za a gane ba."

Ba ta tambayi me ba za a gane ba. Ta shiga ta sako tsohon. Aka zaunar da ita a tsakiya, aka sa Safiyyatu a damanta da buhun shinkafa a gaba, don mai hoto ya ce fuskarta ta fi ɗaukar haske. Innayatu, saboda tsawo, aka tura ta layin baya. Daga can ta hango bokitin Idrisa a gindin dutse, da shi kansa tsugune kusa da shi. Da aka gama ta je wurinsa.

"Baba, wannan na mene ne?"

"Na gyaran aikinku ne, 'yata."

"Bai yi kyau ba ne?"

"Ya yi. Har daga titi ana gani."

Ta dubi titin, ta dubi bangon, ta dubi sauran Harra inda ba a ganin ɗaki ko ɗaya. Bakinta ya buɗe kaɗan. A lokacin direba ya danna ƙaho, Malama ta ƙwala mata kira. Innayatu ta rungume Dumbulwa da sauri, ta ce wani abu da ba a ji ba, ta ruga. Har bas ta sha kwana fuskarta na manne da gilashi.

Idrisa ya shafa baƙin mai har hannunsa ya gaji, nura na ɓullowa ta ƙarƙashi kamar haƙora. Bango ɗaya kawai ya samu ya rufe. Ranar Asabar da hantsi katafila ta hau tudun.

Wakilin ya zo da kansa, wani siririn mutum da carbi a hannu. Ya bari aka fitar da tabarma da turmi da kaskon gyaɗa da buhun shinkafar baƙi. Bai ɗaga murya ba.

"Ya Hajja, shekara nawa nake wucewa ta nan? Kina tsammanin ban san hayaƙin girkinki ba? Ni dutse nake gani, in koma in ce dutse na gani. Yanzu mai filin da idonsa ya gani. Me zan ce masa?"

"Ba komai. Ka yi aikinka."

Ya dubi cikin Harra, inda kowa ya shige ɗaki ya kashe wuta ya toshe bakin yara. Ya daɗe yana duba. Sannan ya ce wa mai katafila ɗaki ɗaya ne, sauran duk dutse ne.

Rusa ɗakin bai ɗauki lokaci ba. Waɗanda suka leƙo ta kafar bango a ranar, har yau in suka ji ƙarar katafila sai sun ajiye abin da ke hannunsu. Ita kuwa tana zaune a kan turminta, ta juya wa aikin baya, tana kallon koriyar ƙubba. Ta san daga yau ba za ta ƙara yi mata sallama daga bakin ƙofa ba, sai ta yi ta kallonta har ƙura ta shiga tsakani.

Da kowa ya watse, ta tashi ta zagaya tarin duwatsun. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a hannu. Gefe ɗaya fari, sauran baƙi. Ta ɗauki wani, shi ma haka.

"Ɗan Abeshe, akwai wuri a bayan naka?"

"Akwai kwari. Ba a ganin Masallaci daga can, kuma tafiyar ta ƙaru miki."

"Na sani. Zo ka ga wani abu."

Matan da suka daina gaishe ta su suka fara ɗaukar duwatsun, a ka, ba tare da an yi maganar abin da ya wuce ba. Idrisa ya yi ginin, ita ke miƙo masa dutse, kowanne sai ta juya shi, farin ya kalli ciki. Yana ɗorawa yana mita, wai bai taɓa ganin tsohuwa mai taurin kai irinta ba, tun daga Abeshe har teku.

Daga waje ɗakin bai da bambanci da kwarin da yake ciki. Baƙo zai iya jingina da shi ya huta bai san ɗaki ba ne. Daga ciki kuwa fari ne, ba sumul ba, dabbare-dabbare, da baƙin layi tsakanin dutse da dutse. Da rana haske kan shigo ta hujojin kwano ya sauka a kan bangon, ɗakin ya riƙa wayewa a hankali shi kaɗai.

Ƙafafunta ba su daɗe suna kai ta Baƙi'a daga kwarin ba. Ta bar wa wata maƙwabciya kaskon da tantabarun, ta koma zama. Bayan azahar takan kishingiɗa da shuɗin mayafinta, ta zuba wa bango ido. Idrisa ya ce wata rana ya leƙo ya kawo mata ruwa, ya ji tana magana ƙasa-ƙasa da irin Hausar da bai taɓa jin ta yi ba, ta ƙananan yara, tana cewa a bar mata tsumman ita ma ta shafa.

Sanyi na biyu bayan haka, daga wannan ɗakin aka ɗauke ta zuwa bayan katangar.